SUNA LINZAMI: Jiragen Ƙarƙashin Teku Masu Ɗauke da Makaman Ƙare-Dangi



Batun da aka ɗora mana yau shi ne jiragen yaƙin nan masu tafiya a ƙarƙashin teku da ƙarfin nukiliya, waɗanda ke ɗauke da makamai masu linzami na ƙare-dangi: yadda aka ƙago su, da irin sunayen da ake raɗa musu. Mun sani wani zai ce ina ruwan Bahaushe da wannan, alhali daga Kano sai mutum ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 kafin ya ga teku. Muna roƙonsa ya yi haƙuri, zancen zai biyo ta ƙofar gidansa kafin mu tashi. Magabata sun ce suna linzami ne. Mu kuma da muka nemi abin da za mu kira roka mai bin hanyar da aka saita mata, sai muka ce makami mai linzami. Ashe linzami biyu ke gabanmu, wanda ke jan makamin zuwa inda zai faɗi, da wanda ke jan hankalin talakan da ya biya kuɗin ƙera shi.

Bari mu fara da dalilin da ya sa aka yi jirgin. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya a 1949, Amurka ta daina zama ita kaɗai a fage, kowane ɓangare kuma ya shiga fargaba guda: in abokin gaba ya yi mini sammako ya ragargaza filayen jiragen samana da ramukan makamaina, da me zan rama? Abin da ke kan tudu ana iya ɗaukar hotonsa, a sa shi a taswira, a auna shi. Don haka aka shiga neman maɓoyar da ba ta zama wuri ɗaya, aka kuwa same ta a cikin teku.

Jirgin ƙarƙashin teku ba sabon abu ba ne, an yi ta fama da shi a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Amma na wancan zamani injinsa man gas yake sha, inji mai shan mai kuwa sai da iska, saboda haka tilas jirgin ya riƙa tasowa kusa da saman ruwa yana cajin batir, nan kuwa ake ritsa shi. Tukunyar nukiliya ita ta raba wannan gardama. Ba ta bukatar iska. Zafin da take fitarwa shi ke tafasa ruwa, tururin ya juya farfela, ya ba da lantarki, da lantarkin kuma ake tace ruwan sha daga ruwan gishiri, a kuma fitar da iskar shaƙa daga cikin ruwan. Abin da ke sa irin wannan jirgi komawa gida shi ne ƙarewar abinci da gajiyar mutane. Na farkonsu shi ne Nautilus na Amurka, wanda aka ƙera ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai zafin rai, Hyman Rickover. Ya fara tafiya da ƙarfin nukiliya a watan Janairu 1955, a 1958 kuma ya ratsa ƙuryar arewacin duniya ta ƙarƙashin ƙanƙara.

Wajen ɗora makami mai linzami a kan jirgin, Rashawa ne suka riga kowa. A ranar 16 ga Satumba 1955 suka harba na farko daga wani jirgi mai shan man gas, amma sai da ya taso saman ruwa tukuna. Amurkawa suka zo daga baya suka haɗa abubuwa uku wuri guda: tukunyar nukiliya, da roka mai busasshen mai wadda za a iya ajiyewa shekara da shekaru ba ta yoyo, da ƙaramin bam mai ƙarfin babba. Rokar suka sa mata suna Polaris, watau tauraron nan na arewa da matafiya ke kama hanya da shi. Gaggawar da suke ciki ta kai ga ba su tsaya zana sabon jirgi tun daga tushe ba. Akwai wani da ake cikin ƙerawa da aka riga aka sa wa suna Scorpion, watau kunama, sai aka raba shi biyu aka cusa masa ƙarin gangar jiki mai tsawon ƙafa 130 mai ɗauke da rijiyoyin makamai 16, aka sake masa suna George Washington. A ranar 20 ga Yuli 1960 ya harba Polaris yana nutse, a watan Nuwamba na shekarar ya fita sintirin farko, ya kwana 66 bai leƙo sama ba. Shi kuwa sunan kunama aka mayar wa wani jirgin dabam, wanda ya nutse a tekun Atlantika a 1968 da mutum 99.

Polaris ta farko tana cin kimanin kilomita 2,200. Trident ta biyu, wadda ta shiga aiki a 1990 kuma har yau ita Amurka da Ingila ke ɗauka, tana wuce kilomita 7,000, tana kuma goye da bama-bamai da dama, kowanne da garin da aka nufa da shi, irin wanda ya fi yawa a cikinsu kuwa ya ninka na Hiroshima wajen sau shida. Kowane jirgi na Amurka yana da ayarin ma'aikata biyu masu karɓa-karɓa, don kada ya daɗe a ɗaure a tasha. Hikimar abin, in hikima ce, ita ce kar ta san kar. Ko ka shafe ƙasata a dare ɗaya, akwai wanda ke kwance a ƙarƙashin ruwa da ba ka san inda yake ba, zai kuwa rama. Duk wanda ya fara, mutuwar kasko za a yi. Ƙasashe shida ke da irin wannan jirgi a bakin aiki: Amurka, Rasha, Ingila, Faransa, Sin da Indiya.

To ga inda suna ya shigo. Tankar yaƙi ana fito da ita ranar fareti yara su yi kallo, jirgin sama ya ratsa ta bisa gari a ji rugugi. Wannan kuwa amfaninsa duka yana cikin ɓoyo. Ɓoyon ya kai ga a watan Fabrairu 2009 wani na Ingila da wani na Faransa, Vanguard da Le Triomphant, suka yi karo a tsakiyar Atlantika, kowanne ɗauke da makamansa, ba wanda ya ji motsin ɗan'uwansa, har Faransawa suka fara sanar da cewa ga alama wani akwatin kaya ne da ya faɗo daga jirgin 'yan kasuwa suka bangaza. Abin da ba a gani, ba a kuma fatan a yi aiki da shi, amma yana cin dukiya mai ɗimbin yawa kowace shekara, da me gwamnati za ta nuna wa jama'arta shi? Ba ta da komai sai suna. Shi ya sa muke ganin ranar suna a wannan fage ba wasa ba ce.

Mu dubi Amurka, domin a nan ne zancen ya fi daɗi. Al'adar rundunar ruwansu ita ce jirgin ƙarƙashin teku sunan kifi ko wata halittar ruwa ake ba shi. Da Polaris ta zo sai aka ajiye kifaye aka koma kan mazajen tarihi. Tsakanin 1959 da 1967 sun ƙera jirage 41, suka yi musu take da cewa arba'in da ɗaya ne domin 'yanci. Akwai shugabanni irin su Washington da Jefferson da Lincoln, wannan ba mamaki. Amma ku saurari sauran. Akwai Robert E. Lee da Stonewall Jackson, janar-janar na jihohin kudu da suka ɗauki makami suka yaƙi gwamnatin Amurka daga 1861 don a ci gaba da bauta. Akwai John C. Calhoun, wanda ya tashi a majalisar dattawa a 1837 ya ce bautar baƙar fata alheri ce. A cikin wannan ayari dai akwai George Washington Carver, baƙar fata da aka haifa bawa, masanin aikin gona wanda ya yi suna kan binciken gyaɗa da dankali. Ku yi tunani, jama'a, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa talakawan manoma yadda za su farfaɗo da gajiyayyar gona, an wayi gari a 1966 sunansa na manne a jikin abin da zai iya mai da gonakin wata ƙasa toka. Akwai Tecumseh, jagoran jajayen Indiyawa da sojan Amurka suka kashe a fagen fama a 1813. Akwai Kamehameha, sarkin da ya haɗa tsibiran Hawai, waɗanda Amurka ta haɗiye a 1898. Na arba'in da ɗayan kuwa Will Rogers ne, mai wasan barkwanci.

Mai bauta da bawa, mai ci da yaƙi da wanda aka ci, an tara su a garke guda an ce su yi gadin 'yanci, ba kuwa wanda aka tambaya, domin matacce ba ya musu. Mu a karatunmu wannan rabon goro ne. A shekarun nan baƙaƙen Amurka na kan titi suna neman haƙƙinsu, dokar daidaita 'yancin jama'a ta fito a 1964, ga kuma 'yan majalisa daga kudu, irin su Carl Vinson da Richard Russell na jihar Jojiya, su ke shugabancin kwamitocin da ke kula da harkar soja. Kowa sai a ba shi nasa ya ji da shi ake yi. Ana ma danganta wa Rickover wata magana, da aka tambaye shi abin da ya sa aka bar sunayen kifaye, wai ya ce kifi ba ya jefa ƙuri'a.

Da aka zo jirage na gaba, masu ɗaukar Trident, sai aka koma sunayen jihohi, aka fara da Ohio a 1981. Wannan ma magana ce. A da manyan jiragen yaƙi masu igwa, sarakunan teku, su aka saba ba sunan jiha, don haka gadon sunan shela ce cewa sarauta ta koma ƙarƙashin ruwa. Guda 18 aka ƙera, 17 jihohi ne, ɗaya kuwa mutum. Sanata Henry Jackson, wanda ya shahara da goyon bayan kashe kuɗi a kan makamai, ya rasu a 1983, nan da nan aka cire sunan jihar Rhode Island daga wani jirgi da ake gab da sakawa a ruwa aka sa nasa.

A ɓangaren Sobiyet abin ya sha bamban. Su galibi harafi da lamba suke bayarwa, K-19, K-219, kamar lambar mota, domin a tsarinsu babu majalisar da za a lallasa, sirri kuma shi ne gaba da komai. Da yake sun ɓoye sunan yanka, sai abokan gabansu na ƙungiyar NATO suka yi ta laƙaba musu nasu: Hotel, Yankee, Delta. Har aka wayi gari jirgin Rasha da aka ƙera don ya auna biranen Amurka duniya ta san shi da Yankee, laƙabin Amurkawa kansu. Mafi girman jirgin ƙarƙashin teku da aka taɓa ƙerawa, mai tsawon mita 175 da makamai 20, wanda ya fara aiki a 1981, Rashawa Akula suke kiransa, watau kifin nan mai cin mutane. NATO ta ce masa Typhoon, ta kuma ɗauki sunan Akula ta ba wani jirgin nasu dabam. Mai karatun wannan fanni sai ya yi hattara, in ba haka ba ya kama ɗan wani ya ce nasa ne.

Amma laƙabin da ya fi kowanne gaskiya daga bakin matuƙa ya fito. K-19 shi ne jirginsu na farko mai tukunyar nukiliya da makamai masu linzami, an kuma ƙera shi cikin gaggawa don a kamo Amurka. A ranar 4 ga Yuli 1961, yana arewacin Atlantika, na'urar sanyaya tukunyar ta lalace. Wasu samari, sa'o'in yawancinmu da ke zaune a nan, suka shiga ɗakin tukunyar suka haɗa bututun ruwa da hannunsu, suna shan tururin guba. Sun ceci jirgin, amma takwas suka mutu cikin makonni kaɗan, aka kuma rufe labarin kusan shekara 30. A 1972 gobara ta sake cin mutum 28 a cikinsa. Matuƙan jiragen Sobiyet suka sa masa suna Hiroshima. Wannan suna ba a yanka masa rago ba, ba a rubuta shi a kundin gwamnati ba, shi ne kuwa ya bi shi har ƙarshe.

Bayan rushewar Sobiyet a 1991 Rasha ta koma raɗa suna, abin da ta zaɓa kuma shi ke nuna inda ta fuskanta. Da fari garuruwa, irin su Tula da Bryansk. Daga baya, a kan sababbin jiragen da suka fara aiki a 2013, sai sarakunan da: Yuri Dolgoruki da ake cewa shi ya kafa Mosko, da Aleksanda Nevski, da Yarima Vladimir wanda ya shigar da mutanensa addinin Kirista a shekara ta 988. Shi Vladimir ɗin nan a Kiev ya yi sarauta, babban birnin Yukren a yau, Yukreniyawa kuma suna ɗaukarsa kakansu. Jirgin mai sunansa ya shiga aiki a 2020, a 2022 sojan Rasha suka doshi Kiev. Ga wani ƙarin abin lura. Jirgin farko na jerin Yankee an karrama shi da suna Leninets, watau mabiyin Lenin. A 2023 ma'aikatar da ta ƙera shi a garin Severodvinsk ta miƙa wani sabo mai suna Sarki Aleksanda na Uku, sarkin da gwamnatinsa ta rataye yayan Lenin a 1887 saboda ƙulla makircin kashe shi.

Ingila da Faransa ba su nemi matattu ba, kirari suka yi irin na 'yan dambe. Na Ingila na farko, waɗanda suka fara sintiri a 1968, su ne Resolution, Repulse, Renown da Revenge, watau Azama, Kora, Shahara da Ramuwa. Na yanzu kuma akwai Vengeance a cikinsu, Ɗaukar Fansa. Sunaye ne da suka gada daga tsofaffin jiragensu, Revenge tun zamanin yaƙinsu da Sifen a 1588. A ganinmu Ramuwa da Fansa sun fi sauran faɗin gaskiya, domin aikin jirgin ke nan ba ƙari. Sai dai kirarin yana rufe wani abu: makaman na Amurka ne, tun yarjejeniyar da Macmillan ya ƙulla da Kennedy a Nassau a 1962, har yau kuma daga rumbu guda suke ɗiba a jihar Jojiya. Tun 1969 ba a yi ranar da babu jirginsu ɗaya a cikin teku ba. Kowane sabon Firayim Minista kuma yakan rubuta wasiƙa huɗu da hannunsa, ɗaya ga kowane jirgi, yana faɗa wa kyaftin abin da zai yi in an shafe gwamnati babu mai ba da umarni. In ya sauka daga mulki a lalata su ba tare da an buɗe ba.

Sin ta sa wa nata Changzheng, Doguwar Tafiya, don tunawa da tattakin da 'yan gurguzu suka yi a 1934 zuwa 1935, ita kuwa NATO ta laƙaba musu sunayen daulolin sarakunan da, Xia da Jin. Indiya ta saka nata na farko a ruwa a 2009, matar Firayim Minista Manmohan Singh ta fasa kwakwa a jikinsa maimakon kwalbar giya irin ta Turawa. Sunansa Arihant, mai hallaka abokan gaba. A wurin mabiya addinin Jain kuwa, waɗanda ke ƙyamar kashe ko da ƙwaro, kalmar na nufin wanda ya ci nasara a kan fushi da kwaɗayin zuciyarsa.

Mun bar Faransa a ƙarshe da gangan, domin ita ce ta biyo ta ƙofar gidanmu. Janar Digol ya ƙi dogara da kowa, ya ce jirgi da roka da bam duk sai Faransa ta ƙera nata. Shi da kansa ya halarci saka na farko a ruwa a garin Cherbourg a ranar 29 ga Maris 1967, sunansa Le Redoutable, Abin Shakka. Ƙannensa suka biyo da Mai Ban Tsoro, da Aradu, da Gagarabadau, da Tsawa, da Ƙi-Tanƙwaruwa. Maroƙin sarki ba zai fi haka ba.

Amma a ina aka koyi haɗa bam ɗin? Gwajin farko a Reggane aka yi shi, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙurar hamada ta nufo kudu. Sunan da suka ba gwajin na wani ɗan ɓeran hamada ne mai tsalle, suka ƙara masa da shuɗi, launi na farko a tutarsu. Gana ta Nkrumah ta riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarta. Da aka yi gwaji na uku a ƙarshen Disamba, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ba ta fi wata uku da karɓar mulkin kai ba, ta kori jakadan Faransa daga Ikko a watan Janairu 1961, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa sauka a Nijeriya.

Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, wadda ta ƙera bama-baman ta kuma tsara tukunyar jirgin, ita ce dai ta bi sawun yuraniyom a arewacin Nijar har aka kafa kamfanin haƙarsa a 1968. Le Redoutable ya shiga aiki a 1971, a shekarar ne kuma aka fara fitar da yuraniyom daga Arlit, garin da ya tara leburori daga ko'ina cikin Nijar, da Hausawa a cikinsu. Ba a sa wa wani jirgi Arlit ba, ba a sa wa wani Reggane ba. Le Redoutable ya yi ritaya a 1991, aka yanke ɗakin tukunyarsa aka fitar, tun 2002 kuma yana ajiye a Cherbourg a matsayin gidan kallo, 'yan makaranta na sayen tikiti suna shiga su ga inda matuƙa ke kwana da rijiyoyin makamai 16. Mahaƙar Akuta da ke daura da Arlit an rufe ta a watan Maris 2021, aka bar tsibin dusar ma'adinin mai guba kimanin tan miliyan 20 a gefen gari.

Shugaban taro, a nan za mu dakata don a samu lokacin tambayoyi.